Gudajin Tuwo Da Littafin 'Yan Mishan

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ranar da aka karanta mana littafin nan a gahawar Garba, shagon shayinmu na nan Makka, ni ma sai da na yi ƙwalla, da gemuna da furfurata, na ce hayaƙin gawayi ne. Ba wanda ya yarda, an dai rufa min asiri. To amma labarin ba nawa ba ne, na Mukhtaru ne da matarsa Rumasa'u, kuma da tuwo ya fara.

Mukhtaru ɗan Haɗeja ne. Yana aji uku na elementare iyayensa suka taso da shi a ƙasa za su Makka. Uban ya rasu a gonakin auduga na Sudan, uwar, Inna Hajara, ita ta ƙaraso da shi. Yanzu suna zaune a unguwar Ka'akiyya ta Makka, yana sayen kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa wurin masu zuwa daga gida, yana sayar wa masu kewar gida.

Rumasa'u kuwa a unguwar Jarwal, nan cikin Makka, aka haife ta, kakanta ne ya zo daga gida. Hausarta rabi Larabci ce, kuma in ta dafa salik, shinkafar nan da ake yi da madara da romon nama, har maƙwabta sai sun leƙo. Tuwo ne dai ba ta taɓa tuƙawa ba.

'Yan watanni da aurensu, wata Juma'a da ƙawayen Inna za su zo, ta ce yau ita za ta yi tuwon dawa, don ta faranta wa surukarta.

Aka kawo akushi. Inna ta sa hannu, ta ɗago loma, ta tsaya tana murza wani abu tsakanin yatsunta.

"Wannan kuma mene ne?"

"Tuwo ne, Inna..."

"Na ga tuwon. 'Ya'yansa nake tambaya."

Baƙi suka fashe da dariya. Da a nan abin ya tsaya, da ya wuce. Sai ga Mukhtaru ya shigo daga masallaci, ya leƙa akushin, kuma Allah ya jarrabe shi da bakin da ba ya iya barin abin dariya ya wuce.

"Inna, kada a zubar da gudajin nan! A adana mana su, mun huta da tsintar tsakuwar jifan Shaiɗan."

Wata tsohuwa har da riƙe ciki. Rumasa'u ta ajiye kwanon miya a hankali, ta shige ɗaki.

Ya bi ta yana sauran murmushi.

"Haba hasken idona, wasa fa nake..."

"Wasa? Tun hantsi nake gaban murhu, ya Mukhtar! Dubi hannuna!"

Ya duba. Tuwo ya fallatsar mata a bayan hannu, wurin ya tashi.

"Inna ta yi dariya ban ji zafi ba, uwa ce. Baƙi suka yi, ban san su ba. Amma kai? Kai da na yi don a ce matarka ta iya?"

"To ai sai ki yi haƙuri, abin bai kai..."

"Bai kai ba? Halas! Tunda bai kai ba, ka zauna ka ci tsakuwarka!"

Kafin la'asar ta yafa abaya, ta bi Goggo Ɗaso, maƙwabciyarsu mai sayar da gyaɗa wadda kullum take zuwa Jarwal da tirenta. Ta tafi gidan ubanta.

Washegari Mukhtaru ya saka takalmi zai je biko, Inna ta tare ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Jarwal, Inna."

"Ka je ka ce me? Uwata ta yi laifi, ku yafe mata? Ni da na ja hannunka daga Haɗeja har bakin Bahar Maliya, na binne ubanka a hanya, yau saboda gudajin tuwo za a kai ni gidan 'yan birni a ba da haƙuri a kaina?"

"Ba ke ba ce, ni ne..."

"Ni na fara. In ka je, ni ka tona. Ta huce ta dawo da ƙafarta."

Ya cire takalmin. Ba don ya yarda ba, sai don idon Inna ya ciko, shi kuma tun Sudan ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake zama dalilin hawayenta ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ɗakin ya yi masa faɗi. Ƙamshin turarenta yana nan a jikin matashi, mai turaren ba ta nan. A kasuwa ya auna wa wata mata daddawa alhali kuka ta tambaya, ta ce ko ciwon rana ne ya kama shi.

Sai Goggo Ɗaso ta zo da saƙon Ammu Tijjani, uban Rumasa'u: in yana son matarsa ya nuna, in ba ya so ya aiko mata da takardarta kafin sabon wata ya tsaya, ko kuwa su haɗu gaban alƙali.

A ranar ne ya kwance wani buhun kuka da ya saya wurin wani baƙo, ya tarar an toshe bakinsa da ɗan littafi. Ba bango, duk ya yi kore da gari, amma Hausa ce da rubutun boko, har da zane-zane. Rabonsa da ganin boko tun yana yaro. Ya kakkaɓe, ya fara haɗa baƙi, sai ya kasa ajiyewa.

Da la'asar ya kawo mana shi gahawar Garba, inda muke taruwa shan shayi da gyaran duniya.

Labarin wani Ɗanjuma ne da matarsa Mariama. An ɗaura musu aure a coci...

"A ina?" in ji Garba, ya waiga hagu da dama. "Kai yaro, littafin 'yan mishan ka kawo min shago, a garin Makka? Sassauta murya! To... ci gaba, sai aka yi yaya?"

Aka yi aure lafiya. Wata rana Ɗanjuma ya sha burukutu ya ci mutuncin Mariama a gaban jama'a ana dariya. Ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu. Ya rame, ya lalace. Limaminsu na coci ya ce masa girman kai bai taɓa dafa wa kowa abinci ba. Ya je har ƙofar gidan iyayenta ya durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ta yafe, don ita ma kullum tana roƙon Ubangiji ya yafe mata. Suka koma gida suka ci tuwo a kwano ɗaya.

A nan ne hayaƙin gawayin ya shiga idona.

"Ƙarya ce!" in ji Sabo mai wankin kaya, wanda ya yi aure sau uku kuma duk matan suka bar shi. "Namiji ya durƙusa wa mace? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa aure ba."

"Kai da ka taɓa, ina suke?" in ji Garba.

"Wannan daban. Ni matsalata da littafin, ta yi saurin yafewa. Mace ta gaskiya sai ta ja shi wata guda, ta sa ya sayi atamfa."

"To da can ka ce bai kamata ya durƙusa ba, yanzu kuma ka ce durƙuson bai isa ba?"

"Duka biyun!"

Ni kuma na ce abin da ya dame ni, ba a faɗi wace miya suka ci tuwon da ita ba. Aka ce in yi shiru.

Mukhtaru ya jawo littafin gabansa. Yana kallon zanen Ɗanjuma a durƙushe, wata dabara tana tsirowa a kansa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Inna ta hana shi zuwa, amma ba ta hana littafi zuwa ba! Ya san Rumasa'u Larabci kawai take karantawa. To ai ga hotuna, hoto kuwa ba shi da yare. Za ta ga mutum ya yi laifi, ya yi nadama, an yafe masa. Za ta gane.

Ya naɗe littafin a sabon ɗankwali, ya fesa turare, ya ba Goggo Ɗaso.

Washegari Goggo ta dawo ko sallama babu, ta dire tiren gyaɗa.

"Mukhtaru, ashe kai mugu ne ban sani ba?"

"Goggo, me ya faru? Ta gani?"

"Ta gani! Uwarta ta gani, yayarta Zinariya ta gani, har matan maƙwabta an kira sun gani! Yarinya tana ta kuka, Zinariya tana zaginka da wani Larabcin da duk zamana a garin nan ban taɓa ji ba."

"Kuka kuma? Na daɗi?"

"Na daɗin gidanku! Ka rasa abin da za ka aika wa matarka sai labarin macen da ta bar mijinta ta auri wani mai kwat? In sakinta za ka yi, ka sake ta kamar ɗan mutunci mana!"

"Wane mai kwat? Goggo, wallahi babu..."

"Da idona na gan shi! Ubanta ya ce gobe zai ga alƙali, ba sai wata ya tsaya ba."

Mukhtaru ya miƙe. Ya shiga wurin Inna, tana tsince shinkafa, ya zauna a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro.

"Inna, zan je. Ki yafe ni, amma zan je."

Ba ta ɗago ba.

"Ba sunanki zan kai ba, nawa zan kai. Ke tambaya kika yi, ni na mai da ita abin dariya. Inna, ina son ta... In ta tafi, zan ci gaba da yi miki biyayya har in mutu, amma ba za ki ƙara jin dariyata a gidan nan ba."

Inna ta daɗe tana juya shinkafar da ba sauran tsakuwa a cikinta.

"Dama dariyar taka ce ta jawo mana," ta ce. Ta share ido da gefen mayafi. "Je ka. Gidan ma ya yi shiru da yawa, ba mai ce min ya Inna da wannan karyayyar Hausar. Amma ka ji ni da kyau: kada ka durƙusa mata. Ɗana ba ya durƙusa wa mace."

"To, Inna."

Gidan Ammu Tijjani dogo ne, irin na Jarwal mai tagogin katako. Aka shigar da shi ɗakin baƙi. Tsohon yana zaune da carbi, fuska ba annuri. Gefe guda labule ne, bayansa kuma ana jin motsin mata da ƙarar awarwaro. Littafin yana kan tire a tsakiyar ɗaki, an ajiye shi kamar mushen kunama.

Mukhtaru ya durƙusa ya gaida surukinsa yadda aka koya masa a Haɗeja, gwiwa biyu a ƙasa. Ba a ce ya tashi ba, don haka ya zauna a haka.

"Ya waladi," in ji Ammu Tijjani, "na ba ka 'yata, ka mai da ita abin dariya. Na yi shiru. Yanzu kuma ka aiko min littafin Nasara cikin gida, da saƙon ta je ta auri wani?"

"Ammu, wallahi ba haka labarin yake ba!"

"Ba haka yake ba?" Muryar Rumasa'u ce daga bayan labule, ta dishe da kuka. "Abuya, a miƙo min shi!"

Aka tura tiren. Hannunta ya fito ta ƙasan labule, da tabon ƙunar nan a bayansa, ta buɗe littafin a kan darduma.

"Ga su nan suna cin abinci, suna zaman lafiya. Sah, ko ba haka ba?" Ta juya shafi. "Ga shi ya yi mata laifi, ya durƙusa yana roƙo. Ga ta nan ta ƙi, ta ɗauki kayanta ta tafi. Ga shi ya bi ta yana zaginta a gaban mutane. Ga ƙarshe, ta auri wani mai kwat, ba gemu, tana murmushi! Ni jaka ce da ba zan gane ba?"

Mukhtaru ya ƙura wa hannun ido. Daga dama take buɗewa, tana tafiya hagu, yadda ake buɗe kowane littafi da ta taɓa riƙewa tun tana makarantar allo.

"Rumasa'u... daga ƙarshe kika fara."

"Na'am?"

"Boko daga hagu ake buɗe shi. Nan ne farko." Ya juya littafin. "Mai kwat ɗin shi ne mijin, ranar aurensu ce, gemun daga baya ya tsiro."



"Daga hagu?" in ji wata murya, ta uwar Rumasa'u. "A'uzu billahi. Wane irin mutane ne ke fara abu da hagu?"

"Karanta mu ji," in ji Ammu Tijjani. "Amma a rufe taga."

Ya karanta, daga farkon gaskiya, yana tuntuɓe a kan baƙaƙen, gumi yana bin wuyansa. Da ya kai inda Mariama ta ce ta yafe, sai ya ji ana jan hanci a bayan labule, ba mutum ɗaya ba.

Yana rufewa mata suka ɓarke.

"Miskina, ta yi saurin yafewa," in ji uwar. "Ko shayi bai kawo wa iyayenta ba."

"Ni wallahi yadda muka karanta jiya ya fi daɗi," in ji Zinariya. "Mai kwat ɗin nan ya fi mai gemun kyau."

"Ke, ai mutum ɗaya ne!" in ji uwar.

"To ya aske mana!"

Goggo Ɗaso, wadda ba wanda ya san lokacin da ta shigo, ta ce ita duk ba wannan ba, wa ya ga an ci tuwo da mutumin da ya sha burukutu bai ko wanke baki ba?

Ammu Tijjani ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Gefen bakinsa yana rawa, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Addininsu nasu, namu namu. Amma afuwa ba baƙuwarmu ba ce, Littafinmu cike yake da ita, ba sai an toshe buhun kuka da ita an kawo mana ba. Magana tana wurin mai haƙƙi. Ya binti, me kika ce?"

Labulen ya ɗan motsa.

"Tambaya gare ni, Abuya. Ya Mukhtar... shi wannan Ɗanjuman, littafi ya aika wa matarsa?"

"A'a."

"Goggo Ɗaso ya aika?"

"A'a..."

"To me ya yi?"

Mukhtaru ya tuna maganar Inna. Sannan ya dubi gwiwoyinsa, ya ga ashe tun shigowarsa suna ƙasa, don surukinsa. Bai tashi ba, bai kuma sake durƙusawa ba. Juyawa kawai ya yi a kansu, a hankali, har ya fuskanci labulen.

"Rumasa'u, na yi laifi. Kin tashi kin yi abin da ba ki iya ba saboda uwata, ni kuma na sayar da ke don tsofaffi su yi dariya. Na ga ƙunar hannunki, na ce abin bai kai ba. Ya kai, wallahi ya kai... Tun da kika tafi ban san ɗanɗanon komai ba. Ke ce sanyin idona, ke ce gidan. Ki yafe min, ba don na cancanta ba."

Sai aka ji sautin kuka ƙasa-ƙasa, da muryar Zinariya tana raɗa, "Ki ja shi tukuna, ki ja shi!"

"Samahtak," in ji Rumasa'u, da ƙyar ake ji. Sannan ta maimaita da Hausa don kada a sake samun wanda zai fara daga ƙarshe: "Na yafe maka, ya habibi. Amma zan sake tuƙa tuwo, kuma duk abin da ya fito, kai za ka cinye shi. Har 'ya'yan."

"Har jikokin!" ya ce, hawaye da dariya suna haɗuwa a gemunsa.

Uwar ta rangaɗa guɗa. Ammu Tijjani ya ce a kawo shayi, a kuma fitar masa da littafin nan daga gida kafin wani ya gani.

Kafin magariba suka isa Ka'akiyya. Inna tana bakin ƙofa, wai iska take sha. Rumasa'u ta sunkuya ta sumbaci kanta, Inna ta kama hannun nan mai tabo ta daɗe tana dubawa.

"Garin ne kike zubawa gaba ɗaya," ta ce a hankali. "Da kaɗan-kaɗan ake yi, 'yata. Gobe zan riƙe miki tukunyar." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ka durƙusa?"

"Surukina na gaisar, Inna."

"Tun azahar?"

"Gaisuwar mutanen Jarwal doguwa ce."

Inna ta dubi ƙurar da ke gwiwar wandonsa, ta dubi Rumasa'u da ke ɓoye dariya a cikin mayafi, ta ce Allah ya shirya, ta shige ciki.

Mun daɗe muna gardamar abin da ya dawo da Rumasa'u. Mukhtaru ya ce littafin ne. Garba ya ce shagonsa ne, tunda a nan aka fara karantawa. Sabo ya ce durƙuson ne, kuma har yanzu bai goyi bayansa ba. Ni na ce soyayya ce, aka ce dama ni mai kuka ne.

Daga baya Goggo Ɗaso ta gaya mana cewa tun kafin littafin ya je gidan, Ammu Tijjani ya riga ya ba wasu baƙin alhazai 'yan ƙasar Jawa hayar ɗakin Rumasa'u, kuma a ƙarshen wannan makon za su sauka.